Guzurin Hanyar Makwar

Maigidana mutum ne mai hankali a kan komai, ban da abu uku: gudu, iyo da keke. An kawo ni gidansa a shekarun da Turawa ba su daɗe da barin Sudan ba, daga ƙauyenmu da ke gefen Madani zuwa nasu da ke kusa da Kamlin. Kafin a kawo ni an gaya mini manomi ne, yana da hawasha, wato gonar audugar da hukuma ke ba mutum a Jazira, ba ya shan taba, ba ya faɗa. Duk gaskiya ne. Abin da ba wanda ya ga ya kamata a gaya mini shi ne, in ya sallame sallar asuba sai ya tsuke wando ya bi bakin tur'a a guje, babu wanda ya biyo shi, babu wanda yake bi. Tur'a ita ce babbar magudanar da ke kawo mana ruwan noma daga madatsar Makwar. Ranar farko da na hango shi ta saman darni, na ɗauka gobara ce ta tashi a wani gida.

Ran Juma'a kuwa, in an sauko daga masallaci, sai ya nufi kogi ya ƙetare shi da iyo, ya taɓa wancan gaci ya dawo. Ba ya shiga tur'a, ya ce ruwanta na sa tsargiya. Sai kuma keken, wanda mutanenmu na can ke ce wa ajala. Baƙi ne, mai nauyin tsiya, ya saye shi hannu na biyu wurin wani akawu. Kullum da la'asar sai ya kifa shi a tsakar gida, ya bi sarƙar da tsumma da mai, ya juya ƙafa ya kasa kunne kamar mai sauraron mara lafiya. Da fari haushi nake ji. Daga baya na lura gonarsa ba ta taɓa kwana da ciyawa saboda wannan abin ba, kuma in ya dawo daga tafiyarsa fuskarsa a sake take, ko yara sun kifar masa da shayi dariya yake yi. Na ce a raina, in dai wannan ne ciwonsa, Allah ya bar mini shi da shi.

Mahaifinsa ne bai ga abin dariya ba. Tsoho ne mai kwarjini, da ƙafarsa ya tako daga ƙasar Sakkwato yana saurayi, ya yi shekaru a hanya, ya je Makka, a dawowa ya zauna a Jazira. Ba ya ba da labarin tafiyar, ko jikokinsa sun dame shi sai ya ce an zo dai. In ya ga ɗansa ya fito da keke sai ya kawar da kai ya ce, “Ƙato da gemu, shina wasan ɗiya. Wa ka koro ka?”

Wata rana bayan an fara tsinkar auduga, maza suna zaune a ƙofar masallaci, baki ya ja maigidana ya ce shi zai iya yin asuba a nan ya yi magariba a Makwar. Aka kwashe da dariya, don tafiyar ko a lori sai mutum ya ji ta a ƙugunsa. Kafin azahar magana ta kai kunnen tsoho. Ya kira shi, ni ina bayan zana ina tankaɗe, ina jin komai.

“Na ji abin da kac ce. To halas. In an ƙare tsinka ka tahi. Ƙanena shina can bakin madatsa, shi na shaida. In rana ta hwaɗi ba ka isa ba, ka sai da ajalag ga ka sai jaki, kuma kar in ƙara jin gudu ko iyo a gidan ga. In ka isa, na kama bakina.”

“Na ji, Baba,” in ji shi.

Da ya shigo ɗaki na ga damuwa a fuskarsa. Ba tsoron hanya ba ne. Ya san in aka raba shi da waɗannan abubuwa uku, an raba shi da abin da ke sa ya tashi da safe da murna. Ni ma na sani, kuma daga ranar abin ya zama namu mu biyu.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin sanyi ne, bakin tur'a ya bushe ya yi tauri. Duk ranar da aikin gona ya yi sauƙi sai ya hau ya yi kudu, kowane mako ya wuce inda ya tsaya a makon jiya. Da fari gadar farko, sai ta gaba, sai inda ake tara auduga, sai wasu ƙauyuka da ban san sunansu ba. Cinyarsa ta saɓule, na ɗinka masa matashi da ragowar auduga a kan sirdi. Tafin hannunsa ya yi kanta. Bai taɓa cewa wash a gabana ba, sai dai in ji yana sauke numfashi in zai durƙusa alwala.

Ƙafa tasa ce, amma ciki nawa ne, kuma a nan muka sha wahala. Mu manoma abin da muka sani shi ne a loda tuwo da safe a tafi gona, ba a sake waiwayar abinci sai yamma. Na yi masa haka. Ya dawo ya ce tuwon ya zauna masa a ƙirji kamar tubali, kuma da rana ta take sai ya neme shi ya rasa. Na dama masa godogodo, furarmu ta can mai gero da nono, na zuba a gora na toshe. Rana ta buge ta, hanya ta girgiza ta, marfi ya tashi, ya shigo gida fari fat tun daga gemu har gwiwa, ƙudan garin duka suna yi masa rakiya. Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Shi ma ya yi, amma ya ce, “Ke, ki bar dariya ki samo muna dabara.”

Dabarar farko wurin wanki na same ta. Rigarsa in ta bushe sai in ga wani farin zane a baya da hammata, na lasa na ji gishiri ne zalla. Ga shi kuma yana kukan jijiyar ƙafarsa na ɗaurewa bayan azahar. Na ce abin da ya fita ai sai a mai da shi. Na jiƙa tsamiya, na sa gishiri da ɗan sukari, na zuba a ƙaramar salka, ruwan sha zalla kuma a wata. Ɗaurewar ta ragu. Daga nan na koma kan abin da ba ya lalacewa a rana: dabino na cire ƙwallo na cusa gyaɗa a ciki, kantun riɗi, ƙuli-ƙuli, da abre, wato busasshiyar kisra, siririyar wainar dawa ta can, wadda in an jefa ta a ruwa take narkewa. Na ɗinka jaka mai baki biyu ya rataya a kan keke inda hannunsa zai kai.

Shi kuma ya gano nasa. Ya ce in ya jira sai ya ji yunwa, to an riga an makara. Sai ya sa wa kansa doka, duk gadar da ya wuce sai ya jefa wani abu a baki ya kurɓi ruwa, ko yana so ko ba ya so. Wannan ma sai da ya yi yaƙi da kansa, don a wurinmu babban mutum ba ya tafiya yana tauna a hanya. Yakan duba gaba da baya tukuna, in ba kowa sai ya ci. Na ce masa, “Malam, da ruwan ciki aka jan na rijiya. In ka ga mutane ka rufe baki da rawani.” Haka ya riƙa yi.

Sai dai jaka ba ta ɗaukar abincin wuni guda, salka ma haka. Dole a tsakiyar tafiya ya sauka ya ci abinci na gaske, ya cika ruwa. Tsakiyar tafiyar nan kuwa, kamar da gangan, ƙauyenmu ne. Hanyar ta bi ta kan hawashar babana, ba yadda za a yi ya wuce bai gaisa ba.

Da tsinka ta kusa ƙarewa ya ce zai gwada kansa, ya je ƙauyenmu ya dawo a rana ɗaya, tunda zuwa da dawowar sun yi kusan tsawon hanyar Makwar. Na aika wa innata ta shirya masa abinci. Ya fita da asuba. La'asar ta yi, rana ta yi ja, ba shi ba labarinsa. Ana kiran magariba sai ga wani Balarabe mai gadin tur'a yana jan jaki, maigidana a kai ya rungume wuyan jakin, wani kuma yana turo keken a baya. Mai gadin ya ce ya same shi zaune a gindin gada yana kallon ruwa, ya yi masa magana bai amsa ba, sai da ya ɗura masa shayi mai sukari. Na yi musu godiya, na shiga da shi ɗaki.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce ba ciwo ya ji ba. Ƙafafun ne kawai suka zama ba nasa ba, iskar arewa kuma ta tare shi a gaba, tur'a ta rabu biyu a idonsa, ya ji hawaye na zuba ba dalili. Na tambaye shi me Inna ta dafa. Ya ce kisra da miyar kuɓewa da kaza, da godogodo mai sanyi.

“To ka ci?”

Ya kawar da kai.

“Malam, ka ci?”

“Na taɓa,” in ji shi. “Na kurɓi ruwa.”

Na san abin da “na taɓa” ke nufi. An kai masa kwano ɗakin baƙi, ya ɗaga faifai, ya gutsuri abin da bai kai loma ba, ya mayar ya rufe, ya fito ya durƙusa yana godiya. Haka ake yi. Namijin da ya suɗe kwano a gidan surukai, 'yan matan garin sai sun sa shi a waƙar daka har ya tsufa. Ba zai kuma tsaya kasuwar da ke kusa ya ci ba, don kafin ya haɗiye labari ya kai cewa ya bar abincin Inna ya ci na kasuwa. Raina ya ɓaci matuƙa, na ce masa kunya ce za ta tuƙa masa keken? Ya ɗago kai a hankali ya ce, “Gara in sai da ajala da in zauna gidan surukai ina cika ciki.” Mutumin da ke ƙetare kogi da iyo, ga shi kwanon kisra ya kayar da shi, kuma don girman iyayena ne. Haushinsa da sonsa suka haɗu mini lokaci guda.

Da ranar ta matso na ce ina son ganin gida. Ya sa ni a lori ba tare da ya tambayi dalili ba, ina jin ya sani. Ɗiya ba ta zuwa gaban ubanta da maganar cikin mijinta, don haka Inna na gaya wa, ita ta kai masa. Baba bai ce uffan ba. Mutum ne da kan yi wuni bai yi magana goma ba, na kwana biyu ina kallon fuskarsa ban karanci komai ba.

Ranar tafiyar, da hantsi, Baba ya ɗauki tabarma da carbi ya ce, “Ke, ɗauko abincin ga ki biyo ni.” Na ɗora tire a kai, muka bi ta cikin kararen auduga har bakin tur'a. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar wata bagaruwa, ya zauna ya fuskanci ruwa, ya ba hanya baya. Ya nuna mini bayansa da hannu, na ajiye tiren a can.

Rana ta kusa tsaka sai na hango ɗigo a arewa. Ban taɓa ganin maigidana a kan hanya ba sai ranar, kullum fitarsa da shigowarsa kawai nake gani. Ya duƙa a kan keken, kafaɗunsa ba sa motsi, ƙafafun kawai ke juyawa, ba gaggawa ba sanyi, jelar rawaninsa na kaɗawa. Wannan baƙin ƙarfen da nake fama in gusar in zan yi shara, a ƙarƙashinsa kamar ba shi da nauyi. Na ji wani alfahari ya cika mini ƙirji, na so a ce duk matan garinmu suna wurin.

Da ya gane wanda ke zaune sai ya sauka tun daga nesa, ya tuɓe takalmi, ya turo keken, ya durƙusa.

“Salamu alaikum. Baba, ina wuni?”

Baba ya amsa sallama, bai juyo ba. Sai ya ce da ni, “Ke, na ji awa wani matahiyi ya tsaya. Ban san ko wane na ba, ba ni kuma son in sani. Ɗan hanya na da haƙƙi bisa mai gona. Ba shi abinci.”

Maigidana ya dube ni. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na tura masa tiren da ƙafa, na zare masa ido.

“Ki hwaɗa mishi,” in ji Baba, yana kallon ruwa, “mai kwanon ga ba a maido mishi da saura. Ni wuridi nika yi, mai tsawo na, ba ni waiwaye sai na ƙare.”

Ya ja carbi ya ɗaga murya, fiye da yadda ya saba, yadda ba zai ji ƙarar tauna ba. Sannan maigidana ya wanke hannu ya yi bisimilla. Lomar farko da ƙyar ta wuce, ta biyu ta bi ta, daga nan kuma sai Allah ya buɗe. Ya ci kisra, ya ci kaza, ya shanye godogodo, kansa a sunkuye, kunnuwansa kamar su kama da wuta. Ni kuwa na cika salkunan, na zuba sabon dabino da kantu a jaka. Ya yi azahar a gefe, ya ɗan miƙe ƙafa, ya tashi. Ya tsaya a bayan Baba yana neman abin faɗi.

“Matahiyi ba shi dogon ban kwana,” in ji Baba. “Rana ba ta jiran kowa. Allah shi kai ka.”

Sai da ƙarar sarƙa ta yi nisa Baba ya juyo. Ya sa hannu ya kare rana, ya bi shi da kallo har ya ɓace a kudu. Ya ce, “Ya salam. Ashe haka shika tahiya.” Ya leƙa kwanon, ya ga an suɗe tas, ya yi murmushi ya mayar da faifai.

Sauran labarin daga baya na ji, don na riga shi komawa gida. Iska ta bi bayansa har la'asar, sannan ta kwanta. Ya ce daga nan ba ƙarfi ba ne, lissafin gada ne kawai, wannan gada dabino, waccan tsamiya. Ya hango madatsar rana tana kan itatuwa, ya isa tana taɓa ƙasa, ya tarar da baffansa a bakin hanya da buta a hannu yana jiransa. Tare suka yi magariba, shi a zaune, don gwiwoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa. Ya huta a can, ya dawo a kan lorin kaya tare da baffan, wanda ya ce shaida ba a aiko ta, kawo ta ake yi.

Gida ya cika da 'yan barka. Waɗanda suka yi dariya a ƙofar masallaci su ne a gaba, kowa na cewa shi dama ya sani. Tsoho ya jira sai da aka watse bayan la'asar, ya rage shi da ƙanensa da ɗansa, ni kuma ina zuba musu shayi.

“Riƙe ajalakka,” in ji shi. “Na kama bakina.” Ya kurɓi shayi. “Mi kac ci a hanya?”

Maigidana ya lissafa masa dabino da kantu da ruwan tsamiya. Tsoho ya ce ba wannan yake tambaya ba, da rana fa? Sai ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, cewa a bayan surukinsa ya zauna ya cinye kwano guda. Na tsaya da butar shayi a hannu ina jiran faɗa.

Tsoho ya daɗe yana juya kofi. Ya dubi ƙanensa, ƙanen ya kawar da kai.

“Mu uku munka baro gida,” in ji shi. “Da yayanmu. Ya hi ka tsawo, ya hi ka ƙarhi, shi ka ɗaukar wanga bisa wuya in ya gaji. Cikin Kurdufan guzuri ya ƙare muna. Munka iske wani gari, mutane sunka kawo muna abinci, yac ce musu mun gode, mun ƙoshi, mu ba mabarata na ba. Da sunka juya baya ni da wanga munka bi su munka ci. Shi ko bai ci ba. Gaba kaɗan zazzaɓi ya kama shi, bai iske komi a jikinai ba. Mu munka gina mishi rami da hannu.”

Maigidana bai taɓa jin yana da wani baffa ba sai ranar.

“Ni na ci,” in ji tsoho. “Shi ya sa kana da uba.”